Makaɗin Da Ba Shi Da Ubangida, Hanya Ce Gonarsa

Ma'aikacin da ya tashi daga ofis ya biyo ta Sama Road a birnin Sakkwato bayan la'asar, da wuya ya kai ƙarshen titin bai ji kiɗa iri biyu ko uku ba. A majalisar dattawa, inda tsofaffin ma'aikata kan zauna jiran magariba, kotson Narambaɗa ne ko kalangun Ɗan Anace ke fitowa daga 'yar rediyo mai cin memori. Gaba kaɗan kuwa, wajen mai shayi, ɗalibai ne da wayoyinsu, a cikin abin da suke saurare har akan ji jitar Abzinawa mai kaifin murya.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan ɗalibai suka san cewa ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan jita a duniya, watau Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, a nan Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko cikin shekarar 2008. Dattawan su ma za su yi mamaki in an ce musu wannan Ba'abzine da Ɗan Anace jirgi ɗaya ne ya ɗauko su. Dukansu biyu makaɗa ne marasa ubangida, waɗanda abincinsu ke kan hanya.

Masana adabin Hausa, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun daɗe da rarrabe makaɗan fada da sauran makaɗa. Makaɗin fada yana da sarki guda wanda yake yi wa waƙa. Haka Salihu Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da sarautar Sarkin Taushi, haka kuma Ibrahim Narambaɗa ya tare wajen Sarkin Gobir na Isa. Irin wannan makaɗi ba ya tunanin hatsin shekara, ko rigar salla, ko dokin hawa, domin duk suna wuyan ubangidansa. Amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ya yi wa wani basarake waƙa sai da izini, ba ya zambo sai ga abokin hamayyar maigida, ba ya kuma barin gari yadda ya ga dama.

Makaɗin jama'a, da na maza, da na sana'a, su ba wanda ya ɗaure su, ba kuma wanda ya ɗauki nauyinsu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya wasa sarki, ya wasa direba da ɗan kasuwa, ya kai kalangunsa har ƙasar Gana. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai ya zaga duniya yana waƙar talaka da yaron mota. A ƙasar Sakkwato kuwa, in ana zancen makaɗan maza, sunan Muhammadu Bawa Ɗan Anace ne kan fara fitowa, saboda waƙoƙinsa na 'yan dambe, musamman ta Shago.

Yawon irin waɗannan makaɗa yana da lokacinsa. Da damina makaɗan noma ne ke ci, suna bin gayya daga gona zuwa gona. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, kuɗi ya shiga aljihun manomi, sai bukukuwa su tashi, a buɗe fagen dambe da na kokawa. A lokacin ne makaɗi kan tattara 'yan amshinsa da makaɗansa da sanƙiransa, su kama hanya, a da a ƙasa ko bisa jakuna, daga baya a bayan gingimari tare da buhunan gero. Suna bin ranakun kasuwa ne, domin inda kasuwa ta ci nan mutane suke. In sun isa gari sai su fara kai gaisuwa ga mai gari, sa'an nan su nemi masauki. Makaɗan dambe wajen Sarkin Fawa suka fi sauka, da yake dambe wasan mahauta ne tun asali. Zaure ne ɗakin kwanansu, abin da masu masauki suka aiko shi ne abincinsu.

Ba wanda ke yanka musu lada tun daga gida. Abin da aka yi kari a fage, ko riga ce, ko damin dawa, ko tunkiya, ko kuɗi, shi za a tara a raba, maigida ya ɗauki babban kaso, sauran kowa gwargwadon matsayinsa. Wata rana a tashi da abin da zai riƙe gida wata guda, wata rana kuwa ko kuɗin motar zuwa gari na gaba ba a samu ba. Rabon nan shi ne ya fi kome raba makaɗi da yaransa, shi ya sa sau da yawa ɗan amshi kan yi fushi a tsakiyar tafiya ya ɓalle, in yana da murya ya kafa tasa ƙungiya.

Abin da makaɗin ya saya da wannan wahala shi ne bakinsa. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da ɓarayi waƙa a bainar jama'a. Muhammadu Gambo na Fagada, a Jihar Kabi ta yanzu, har laƙabinsa ya zama "mai waƙar ɓarayi", kafin ya bar ta a ƙarshen rayuwarsa. Malamai sun yi tir da su, iyaye sun hana 'ya'yansu sauraro, amma kasusuwansu ba su daina yawo a tashoshin mota ba. Ko mutum ya ƙi jinin abin da suka wasa, tilas ya yarda cewa a bakinsu aka ji labarin wani ɓangare na al'umma wanda makaɗin fada ba shi da ikon ambata. Yau ga shi ɗaliban jami'a na rubuta kundayen digiri a kansu.

Wajen faifai da kaset ne aka fi cutar waɗannan bayin Allah. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Gidajen rediyo sun ɗauki muryoyinsu, masu shagon kaset sun yi ta kwafa suna sayarwa, alhali mai waƙar bai san adadin da aka sayar ba, balle ya nemi rabonsa. Ko da aka kafa dokar haƙƙin mallaka ta 1988, ba ta canja kome ba a tashar mota. Saboda haka kaset bai zama wa makaɗi gona ba, talla kawai ya yi masa, ya sa in ya isa gari an riga an san shi.

Turawa ma suna da nasu irin. Wajen tsakiyar shekarun 1970 wani kiɗa na kangararrun samari ya ɓullo a biranen Niyok da Landan, wanda suke kira pank, kiɗa mai sauri da hayaniya, cike da zagin masu mulki. A watan Disamba na 1976, bayan 'yan ƙungiyar Sex Pistols sun yi ashar a talabijin, mafi yawan garuruwan Ingila da suka shirya zuwa wasa suka soke, kamfanin EMI kuma ya sallame su a watan da ya biyo. Na Amurka sai suka ɗauki darasi, suka ce gara su yi kome da kansu. A 1980 wasu samari suka kafa ƙaramin kamfanin faifai mai suna Dischord a Washinton, ƙungiyar Fugazi da ta fito daga cikinsa kuwa ta yi shekaru tana ƙoƙarin kada kuɗin shiga wasanta ya wuce dala 5. Su ke tuƙa motarsu, su ke ɗaukar kayansu, su kwana a ƙasa a gidan duk wanda ya ba su masauki. Ɗan amshin Ɗan Anace da zai ga wannan ba zai ga baƙon abu ba.

A wajen Mdou Moctar ne hanyoyin biyu suka haɗu. Sunansa na yanka Mahamadu Sulaiman, haifaffen Jihar Tawa ne, wadda ta yi iyaka da Jihar Sakkwato. Gidansu ba su son kiɗa, don haka da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, yana koyi da Abdallah Oumbadougou, babban mai jitar Abzinawa. Bahago ne. Ya yi ci-rani a Libiya kamar sauran samarin ƙasarsu, ya dawo yana kiɗan biki.

Waƙoƙin da ya ɗauka a Sakkwato, waɗanda aka tara da sunan Anar, da harshen Tamashek ya rera su, amma an yi musu ado irin na waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Ba kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya, ta Bluetooth da katin memori, har suka kai arewacin Mali. Can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a cikin wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai waƙar. Wannan karon dai kura ta ga wani abu daga cikin kuɗin.

Daga nan ƙofar Turai da Amurka ta buɗe. Ƙungiyarsa ta mutum huɗu ta haɗa da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, wanda ya tashi a cikin 'yan pank na Washinton. Mdou da kansa ya ce kallon hotunan Eddie Van Halen ya ƙara masa dabarun sarrafa jita. Kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024, inda ya fito fili ya soki abin da Faransa ta yi wa ƙasarsa. Duk da haka bai raina kiɗan biki a Agadas ba.

Sai dai mai cin abinci a hanya, ranar da hanya ta rufe ya shiga uku, kuma a ƙasar Sakkwato da Zamfara an ga haka. Mai karatu ya duba sunayen garuruwan da suka yi suna da makaɗa: Zurmi, Isa, Sabon Birni, Maradun. Su ne garuruwan da 'yan bindiga suka fi addaba cikin shekarun nan. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma yanke layukan waya, a watan Oktoba na shekarar kuwa aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. Inda kasuwa ba ta ci ba, ba a taron dare, makaɗi ba shi da fage. Da yawa sun dawo birni suna jiran bikin masu hali ko lokacin zaɓe. Ɗan siyasa kuwa ubangida ne wanda bai kai sarki ba, domin sarki yakan riƙe makaɗinsa har tsufa, shi kuwa da an rantsar da shi ya manta lambar wayar.

Mdou Moctar ma bai tsira ba. Ran 26 ga Yuli, 2023, yana tsakiyar yawon wasa a Amurka sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Bazoum, aka rufe iyakokin Nijar. Shi da abokansa biyu 'yan Nijar suka maƙale a ƙasar mutane, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo na kuɗin masauki da abinci. Cikin wannan zaman jira suka shiga wani ɗakin ɗaukar waƙa a Niyok, suka sake rera waƙoƙinsu da jita marar lantarki, faifan ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. A nan gida kuwa iyakar Illela, wadda ita ce ƙofar mutanen Tawa zuwa Sakkwato, ta zauna a rufe tun daga watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024.