Daga Ƙonni zuwa duwatsun Abzin: abin da muka gani a tafiya da yara

In ka ce wa ɗan Ƙonni dutse, Masalata ce za ta faɗo masa a rai, inda Azna ke taruwa yin arwa duk shekara. To da yayana ya zo hutu daga Abijan da matarsa da 'ya'yansa uku, sai ya ce ba zai koma ba sai yaran sun ga manyan duwatsun ƙasar ubansu. A makaranta an koya musu tsaunukan Faransa, Abzin kuwa ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Gandun dajin Abzin da Tenere, a jihar Agadas, ya zarce murabba'in kilomita 77,000, yana cikin mafi girma a Afirka. An kafa shi a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991. Shekara ɗaya bayan haka, tawayen arewa ya sa aka mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Mun bar Ƙonni bayan sallar asuba, muka karya ta Tsarnawa zuwa Tawa. Daga nan wahalar ta fara. Hanyar Tawa zuwa Agadas, wajen kilomita 400, manyan motoci sun cinye kwaltarta a wurare da dama, har direbobi kan sauka su bi rairayi. Ƙaramar yarinyar ta yi amai sau biyu kafin Abalak, uwarta ta ce mu juya. Ba mu juya ba, amma na fahimce ta.

Daga Agadas ba a shiga duwatsu da ƙaramar mota, kuma ba a shiga kai kaɗai. Sai mai jan ƙafa huɗu, da ɗan jagora na yankin, bayan an tambayi hukuma halin tsaron hanya a makon.

Timia ce ta biya mu. Bayan awanni cikin baƙaƙen duwatsu sai ga lambuna kore shar: lemo, rumman, dabino, ana ban ruwa daga rijiyoyi. Mu da muke alfahari da albasar Galmi, mun ga Abzinawa su ma suna fitar da tasu buhu-buhu. Kusa da garin ruwa na gangarowa daga dutse zuwa wani kududdufi, nan yaran suka yini, da ƙyar muka raba su da wurin. Da dare kuwa sanyin Disamba ya sa babban ya roƙi bargo na biyu. Mai zuwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya ɗauki rigunan sanyi da gaske.

Abin da ba mu gani ba shi ne namun dajin da aka kafa gandun dominsu. Jiminar Abzin ta ƙare a daji, farauta ta gama da ita a shekarun rikici, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace. Barewa ɗaya muka hanga daga nesa, ta ɓace kafin a ciro waya.

A hanyar dawowa yayana ya cika kwali da lemon Timia don tsaraba. Rabinsa bai iso Tawa ba.