Mako Ɗaya a Ɗakin Baje Kolin Zane

A bayan azuzuwan sashen zane-zane na wata kwalejin horar da malamai a arewacin Najeriya akwai wani dogon ɗaki mai farin bango, da fitilu a jere a rufinsa. Yawancin shekara a kulle yake, ba kowa ciki sai ƙura da karyayyun kujeru. Sai 'yan ajin ƙarshe sun kammala ayyukansu ake buɗe shi, a share, a sake shafe bangon, a kafa ƙusoshi.

Shirin ya fi baje kolin kansa wahala. Daren jajiberi ɗalibai ba sa runtsawa. Wani na fama da guduma yana ɗaure yadin zanensa a katako, don kuɗin kafinta ya gagare shi. Masu tukwane sun kewaye wurin gashi suna addu'ar kada aikin wata uku ya fashe a wuta. 'Yan rini sun shanya yadi a igiya, baba ya kama hannayensu har gwiwa. Fentin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, shi ya sa da yawa suka koma ga fentin gida na galan, ko gawayi, ko jar ƙasa da suke daka su tankaɗe su kwaɓa da ƙaro. A ganina zanen jar ƙasar nan ya fi na fentin kanti ɗaukar ido, ko da yake masu shi kunyarsa suke ji.

Ranar buɗewa shugaban kwaleji zai yanke ƙyalle, a yi jawabai, a raba lemo da cincin, manyan baƙi su zaga da sauri su tafi. Bayan la'asar ne ɗakin ke samun baƙinsa na gaskiya: masu shara, masu gadi, matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, da iyayen da suka zo daga ƙauye. Kusan dukansu bangon hotuna suke nufa. Ɗakin wankin hoto na sashen ya daɗe da mutuwa tunda fim ya yi wuya, yawancin hotunan da waya aka ɗauka aka kai shago a gari aka buga. Akwai marinar Ƙofar Mata ta Kano, akwai mahaya a Hawan Daushe, akwai mai shayi da tukunyarsa da asuba. Wanda ya fi tsayar da mutane shi ne hoton hannayen wani tsohon magini yana fitar da dagi a jikin bangon zaure. Ba a ga fuskarsa ba. Laka ta bushe a ƙarƙashin farcensa, akwai tsohon tabo a babban yatsansa, ga zoben azurfa da ya lotse. Wani mai gadi ya daɗe tsaye a gabansa, sannan ya kira yarinyar da ta ɗauka: "'Yata, wannan hannun na wane gari ne?" Da ta faɗa masa, sai ya ce ubansa ma magini ne.

Kusurwar sassaƙa ba ta samun irin wannan cinkoso. Iyaye da dama sukan kau da kai su wuce gumakan siminti, saboda abin da suka sani na hukuncin surar mai rai. Malaman sashen ba sa jayayya da kowa a kan wannan. Ɗalibai da yawa daga gidajen Musulmi sukan karkata ga rubutun Larabci mai ado, da zayyanar allon sauka, da zanen bangon gidajen Hausa, da ɗinkin aska takwas na babbar riga. Wasu na ganin wannan gudun wahala ne. Ni ban yarda ba. A 1958, a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiya don ƙin kwaikwayon Turawa tsantsa, suka ce a haɗa dabarar makaranta da fasahar gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya yi suna da shi a duniya. A Zariyar nan kuwa akwai masallacin Juma'ar da Babban Gwani Mikaila ya gina tun ƙarni na 19. Ɗan Bahaushen da ya juya ga dagi yau hanyar da aka daɗe da sharewa ya bi. Kuma duk wanda ya shigo ɗakin da takardar naira 20 a aljihu yana ɗauke da hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta yi aiki tare da Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau.

Ciniki kam kaɗan ne, malamai ne ke sayen ɗaya ko biyu. Da mai jarrabawa daga waje ya ba da maki, kwaleji za ta riƙe ayyukan da suka fi kyau, a kai su sito inda rufi ke yoyo, gara ta ci rabonta. Masu su kuma sai koyarwa a firamaren da babu ko fensir mai launi, ko rubutun allon shaguna, ko tsara katin biki da fostar 'yan siyasa.

Abin takaici, makarantun sakandare da ke kusa da kwalejin ba sa kawo yaransu, masu otal-otal na garin kuma sun gwammace rataye hoton dusar ƙanƙarar Turai a bangonsu. Shugabannin makarantu, in aka buɗe ɗakin nan baɗi, ku ɗebo ɗalibanku ku kawo su. Shiga kyauta ce.