Ko Bindigar Tsaron Gida Za Ta Yi Harbin Tsuntsu?

TAMBAYA: Wannan takarda ta zo mana ne daga wani mai sauraronmu a unguwar Kabara, cikin birnin Kano, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, yana harkar hatsi a Dawanau, kuma yana da 'yar gonar shinkafa a wajen Kura. Yana da bindiga irin mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda ya daɗe da ajiyewa don tsaron gida. Tambayarsa ita ce: shin za ta yi masa harbin zabin daji da kurciya, ta kuma kore masa jan-baki daga gona? Sa'an nan ya ce ya ga Larabawa da Turawa a talabijin suna harbin wani ɗan faifai da inji ke cillawa sama. Mene ne wannan wasa, kuma bindigarsa za ta iya shi?

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan takarda. Amma kafin mu kai ga tsuntsu, bari mu tsaya a kan abin da ba ka tambaya ba, domin shi ne ya fi kowanne nauyi, watau takardar izni.

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai ba da iznin riƙe su sai Shugaban Ƙasa, irin su bindigogin soja da fistol. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗannan iznin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake nema. Na uku su ne na ɗure, irin su baushe da adaka, lamarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. To ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba. Dokar ta cire duk wata bindigar ƙwayoyi mai na'urar ɗura wa kanta harsashi daga kashi na biyu. Ita kuwa wadda aka fi saye don tsaron gida, wadda ake ja da baya a tura gaba, da ake kira fam-akshan, irin wannan ce. Ke nan ba a jerin bindigogin farauta take ba, tana cikin haramtattu. Hukuncin riƙe irinta ba izni ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba ne. Ita ma mai baki biyu, in babu lasisi, ana iya ɗaure mutum har shekara 5. Dokar ta kuma hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka taɓa hukunta kan tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Har wa yau, a shekarar 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da bayar da sabon lasisin bindiga saboda yadda makamai suka yi yawa a hannun jama'a. Saboda haka Alhaji, ɗauko takardarka ka duba, wace irin bindiga aka rubuta a jiki, kuma yaushe aka sabunta ta. In akwai shakka, je hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai ka yi tambaya, amma ka je da takarda kawai, ka bar bindigar a gida. Bindigar da ke kwance a ƙarƙashin gado daban take da wadda aka ɗora a mota aka bi hanyar Zariya da ita, inda akwai shingen bincike. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan jihar nan da ke hanyar dawowa gida Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu.

To mu ɗauka takardarka lafiya lau take. Yanzu sai maganar ƙarfen.

Bindigar tsaron gida an ƙera ta ne don abin da ke kusa, tsakanin zaure da tsakar gida. Shi ya sa ake yin bututunta gajere, inci 18 zuwa 20, don kada ta riƙa karo da bango. Ta farauta kuwa bututunta kan kai inci 26 zuwa 30. Mutane na zaton gajarta ce ke sa bindiga ta kasa kaiwa nesa. A'a, gajartar ba ta rage ƙarfin harbi sosai. Sirrin yana can bakin bututun. Ta farauta ana ɗan matse bakinta daga ciki, matsin da ido ba ya ko lura da shi, sai ƙwayoyin su fita a dunƙule su daɗe ba su watse ba. Ta tsaron gida kuwa galibi bakinta a buɗe yake, babu matsi ko kaɗan. Ka duba tiyon ban-ruwa a lambu: in ka sake bakinsa ruwa ya zube a gabanka, in ka matse da babban yatsa sai ya tafi can.

Maƙera bindiga suna da ma'aunin wannan abu. Sukan zana da'ira mai faɗin inci 30, su ja da baya yadi 40, su harba. Mai buɗaɗɗen baki takan zuba wajen kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyinta a cikin da'irar. Mai matsakaicin matsi ta zuba kashi 60. Mai cikakken matsi ta zuba kashi 70. Abin nufi, a wannan nisa bindigarka za ta bar gurabe a tsakanin ƙwayoyin da kurciya za ta ratsa ta wuce abinta. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙwaya ɗaya ko biyu su same ta, ta tafi da rauni ta mutu a inda ba za ka gan ta ba. An yi asarar harsashi, an yi asarar rai, ba a ci nama ba. Don haka in za ka harbi kurciya ko hasbiya ko fakara da irin wannan bindiga, kada ka wuce taku 20 zuwa 25. Zabon daji kuwa, mai kaurin gashi da wayon tsiya, da wuya ya bari ka matso shi haka. Shi kam mai baki biyu mai dogon bututu ce maganinsa.

Akwai kuma wani amfani na dogon bututu. Tsuntsu mai tashi ba a saita shi kamar yadda ake saita abin da ke tsaye. Kafin ƙwayoyi su ci mita 30, kurciya mai gudu ta riga ta matsa fiye da mita ɗaya. Sai dai a bi ta da bakin bindiga, a wuce gabanta, a harba ba tare da an tsayar da hannu ba. Bututu mai tsawo da ɗan nauyi yana tafiya sumul a hannu. Gajere kuwa fizga yake yi, ya tsaya inda ba a so. Ga shi da ƙara mai kashe kunne.

Sai harsashi. Wanda ake ajiyewa don tsaro manyan ƙwayoyi ne a ciki, wani guda 9 kacal, kowace ta kai girman ƙwayar gujiya ƙarama. Wannan ba na tsuntsu ba ne. In ya kuskure ya tafi fiye da mita 500 yana neman wanda zai faɗa wa, in ya samu kuma ya ragargaza naman. Na tsuntsu ƙanana ne kamar gero da dawa, kuma lambar da ke jikin kwalin ita ke nuna girmansu: in lamba ta hau, ƙwaya ta ƙanƙance. A lissafin Amurka, oza ɗaya ta lamba 4 tana da ƙwaya wajen 135, lamba 6 wajen 225, lamba 7 da rabi wajen 350. Kurciya da hasbiya lamba 7 da rabi ta ishe su, fakara lamba 6, zabo da agwagwar ruwa lamba 4. Kada kuma ka yarda da maganar kowa a kan bindigarka, har da tamu. Samu babban kwali ka kafa a daji, inda akwai tudu a bayansa, ka harba daga taku 20, ka sake wani daga taku 30, ka duba ramukan. Inda ka ga gurbin da tafin hannunka zai shige ba rami ko ɗaya, nan ne iyakarta.

Mun ce a daji, kuma da gangan muka faɗa. Kabara unguwa ce da gida ke jingine da gida, ga makarantun allo, ga lunguna cike da yara, ga gidan Sarki da babban masallaci a kusa. Ko ƙananan ƙwayoyin nan sukan yi tafiyar mita 200 kafin su faɗo, kuma suna iya tsiyaye ido. Hasbiyar da ta sauka a kan soronka a ƙyale ta. Kada a yi koyi da 'yan bindigar Sarki a ranar hawan Sallah, su albarushi suke ɗurawa don ƙara da hayaƙi. Batun ambaton sunan Allah yayin harbi da yanka abin da aka tarar da sauran rai kuwa, fagen malamai ne, ga shi kana zaune a unguwar da ba a rasa su.

Jan-baki fa? A nan kam ba mu ba ka shawarar ka ɓata ko harsashi ɗaya ba. Tsuntsu ne mai nauyin wajen giram 20, amma yakan ci hatsin da ya kai giram 10 a yini. Garke mai miliyan 2 zai iya lashe tan 20 a rana guda, watau buhu 200 ke nan. In ka harba ka kashe goma sha, sauran su tashi su kewaya su sauka a ɗaya gefen gonar kafin ka sake ɗuri. Kuɗin harsashin ya fi shinkafar da ka ceta. Abin da ke aiki shi ne raga a kan gonar in ƙarama ce, da igiyoyi masu gwangwani da leda, da masu tsaro safe da yamma tun daga lokacin da shinkafa ta fara nono, da kuma haɗa kai da maƙwabta a shuka lokaci ɗaya don ɓarnar ta rarrabu. Babban maganin yana wurin kwanansu, cikin ciyawar kacalla irin wadda ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru, inda hukuma kan yi feshi da jirgin sama. In kun ga inda suke kwana, ku sanar da malamin gona. Tsuntsun da feshi ya kashe kuwa guba ne, kada a ci, kada a kai kasuwa.

Ba kowane tsuntsu ne na harbi ba. Akwai dokar namun daji ta Arewa ta 1963, da dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1985. Gauraka ta kusa ɓacewa a ƙasar nan, ungulun da a da ke cika mahauta yanzu sai an tona. Dajin Falgore da fadamar Baturiya da tafkin Dagona wuraren da aka keɓe ne, ba a shiga da bindiga. Da damina kuma zabi da fakara suna kan ƙwai, shi ya sa mafarautan gargajiya ke jiran a kawar da amfanin gona. Sa'an nan ƙwayoyin nan dalma ce, irin gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinariya. A tsince su tsaf daga nama, a yanke wurin da suka ratsa, musamman in yara da masu ciki za su ci. Saboda wannan guba ce Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023.

Wasan da ka gani a talabijin kuwa asalinsa harbin tantabara ne. Da can Turawa kan sa tantabaru a akwati, a ja igiya su tashi a harbe. Har a wasannin Olamfik na birnin Faris a 1900 an kashe wajen 300 ta haka. Da ƙyamar abin ta yi yawa sai aka koma ga faifan da wani Ba'amurke, George Ligowsky, ya ƙirƙiro wajen 1880, Ingila kuma ta haramta na masu rai a 1921. Har yau sunansa tantabarar yumɓu, ko da yake yanzu da garin farar ƙasa da wani abu mai kama da kwalta ake yin sa. Faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa giram 105, kamar murfin ƙaramin kwano. Larabawan da ka gani ba baƙi ba ne a fagen: Ahmed Al Maktoum na Dubai ya ci zinariya a 2004, Fehaid Al-Deehani na Kuwait ya ci a 2016.

Wasan iri biyu ne manya. Akwai wanda faifan ke gilmawa ta gaban mai harbi daga ɗakuna biyu, hagu da dama, a nisan da bai wuce mita 25 ba. A wannan buɗaɗɗen baki ake so, don haka irin bindigarka za ta iya fasa faifai, ko da yake gwanaye da mai baki biyu suke yi, bututu ɗaya bisa ɗaya. Akwai kuma wanda faifan ke tashi daga rami a gabanka yana gudu yana nisa, har ya yi tafiyar fiye da mita 70. Wannan sai mai matsattsen baki, taka ba za ta kai labari ba. Kowanne daga cikinsu yana bukatar fili mai shinge da ba kowa a gabansa har mita 300, da abin toshe kunne, da tabarau, da mai lura da masu harbi. Gonar Kura a lokacin da mutane ke aiki a kowace kadada ba irin wannan fili ba ce.

Da fatan Alhaji ya gamsu. A gaida mana mutanen Kabara.