Wazirin Sakkwato Junaidu: Mawaƙin da Muka Mayar Marubucin Tarihi Kawai

Kwanan baya, muna zaune bayan la'asar a gindin hasumiyar Gobarau, wani ɗalibina ya tambaye ni ko ƙasar Hausa ta taɓa yin irin Nizar Ƙabbani, mawaƙin Siriya da ya yi aikin jakadanci. Na ce da shi ya nemi Waziri Junaidu. Sai ya ce ai shi sunan gidan adana tarihi na Sakkwato kawai ya sani.

An haifi Junaidu a 1906, a gidan da manzanci ya zama gado. Kakan mahaifinsa, Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ne ya karɓi baƙuncin Bature Clapperton a 1824 a madadin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mahaifinsa kuwa, Waziri Buhari, shi ya tsaya a 1903 ya yi magana da Turawa bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, nauyin da ya dame shi har ya rubuta wa malamai risala yana bayyana hujjarsa. A Daular Usmaniyya waziri ne ke riƙe da wasiƙu tsakanin Sakkwato da sarakuna, kusa da nesa.

Junaidu ya hau wannan kujera a 1948, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1997. Ya ga mulkin Turawa, ya ga na Sardauna, ya ga sojoji. Ya yi tafiye-tafiye zuwa ƙasashen Musulmi, ya dawo ya rubuta labarinsu da Larabci, ya kuma bar ƙasidu masu yawa. A ganina, aikin nasa guda ne. Wanda ya saba auna baiti da ma'aunin aruli ba ya sakin kalma a gaban baƙon sarki sai ya san nauyinta.

Abin da ke damuna shi ne rabon da muka yi masa. Masana tarihi sun ɗebi nasu: Murray Last ya ci moriyar ɗakin karatunsa, Tarihin Fulani ma yana hannun jama'a. Waƙoƙin kuwa sun maƙale a sassan Larabci na jami'o'inmu, ɗalibin Hausa ba ya kai gare su. Ɗalibin nan nawa ya iya baitocin Ƙabbani da ka, amma na Junaidu ko ɗaya bai taɓa ji ba.