Keke ya karye a Ƙonni: wa zai biya?

Duk mai bin hanyar da ta haɗa Birnin Ƙonni da Illela ta Najeriya ya saba ganin keke ɗauke da kayan da ko jaki sai ya yi nishi. Jarka 4 masu cin lita 25, in an cika su da man fetur, sun kai kilo 75, ban da nauyin mahayi. Wajen Galmi da Tsarnawa kuwa buhun albasa ne, wanda sau da yawa ya haura kilo 100. Ran da ƙarfe ya gaji sai ya karye, mai keke ya faɗi, jarinsa ya watse bisa kwalta.

Karayar ta fi zuwa ne a mahaɗa: ƙarƙashin wuya, gindin sirdi, ko wurin da feda ke juyawa. Kekunan da, irin Raleigh da aka taɓa haɗawa a masana'antar Kano, ana cusa bututunsu cikin hannun ƙarfe ne a liƙe da narkakkiyar tagulla. In tagullar ta ratsa mahaɗar duka, keke ya yi gadon uba da ɗa. In kuwa maƙeri ya yi rowa ta tsaya a baki, fenti ya rufe aibin, mai saye ba shi da hanyar ganewa a kanti.

Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, mai saye ya koma duba kuɗi kafin ƙarfe. Kekunan Sin da na Indiya suka cika kasuwa. Cikinsu akwai nagari ƙwarai, akwai kuma na jabu masu ɗauke da sunan da ba nasu ba, domin tambari abu ne da ake mannawa.

To, wa zai biya? Garanti alkawari ne da ke tafiya da takarda, kekenmu kuwa yana isowa cikin kwali, guntu-guntu, bayan ya ratsa hannun mai shigo da kaya, da dillali, da mai kanti, sa'an nan mai gyara ya haɗa shi a gindin bishiya. In ya karye, mai kanti ya ce laifin mai haɗawa ne, mai haɗawa ya ce ƙarfen ne ba shi da kirki, kamfani kuma yana bayan teku. Ko da takardar tana hannu, galibin kamfanoni ba sa ɗaukar alhakin keken da aka yi wa lodin da ya wuce kima. Gaskiya kam a nan masu keke ma ba su fita ba.

Sai a nufi mai walda. Amma waldar lantarki tana ƙona siririn bututu, ba a daɗewa sai ya sake tsagewa dab da ɗinkin. Gyaran da ya fi jurewa shi ne na gas da tagulla, tare da ɗan ƙarfen tallafi.

Ma'aikacin da zai saya wa ɗansa keken zuwa lakwal, da ɗan kasuwar da ke neman abin sufuri, ya kamata su nemi rasit mai ɗauke da lambar da aka buga jikin ƙarfen, a kuma rubuta yawan watannin da mai kanti ya yarda zai karɓi keken in mahaɗa ta buɗe. Bayan saye, a riƙa goge mahaɗun ana dubawa. Fentin da ya dare kamar zare, ko layin tsatsa da ya kewaye bututu, alama ce ta a sauke kaya a tura keken da hannu.