Kwana a Gidan Iyali a Bakin Tekun Naksos

Babban jirgin ruwan da ke tashi daga Piriyas, tashar da ke gefen birnin Atina, yakan ci awa biyar ko fiye kafin ya isa Naksos, tsibiri mafi girma a rukunin Kiklades na ƙasar Girka. Tun daga nesa matafiyi zai hango wata ƙofa ta farin dutse tsaye ita kaɗai a kan tudu, ba bango ba rufi. Portara ke nan, ragowar ɗakin bautar da aka fara ginawa a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ba a kuwa kammala shi ba. Da jirgi ya tsaya, akan tarar da masu gidaje a bakin tasha riƙe da alluna, wasu ɗauke da sunan baƙon da suke jira, wasu da hoton ɗakunan da suke hayarwa. A da, nan ake ciniki a tsaye. Yanzu yawanci an gama magana ta intanet tun kafin a baro gida, amma zuwa tarbar baƙo bai mutu ba.

Girka ƙasa ce mai mutane miliyan 10 da 'yan kai, amma baƙin da suka shige ta a 2023 sun haura miliyan 30. Da yawansu ba a manyan otal-otal suke sauka ba. Suna kama ɗaki ne a ƙananan gidajen da iyali guda ke riƙe da su, irin waɗanda suka jeru a gaɓar yammacin Naksos, a wurare kamar Agiyos Prokopiyos da Agiya Anna da Plaka. Gini ne mai hawa biyu, fari fat, tagoginsa shuɗaye, ɗakuna ba su cika wuce goma ba. A ciki akwai gado, banɗaki, baranda, ƙaramin firji, murhun lantarki mai kai ɗaya ko biyu, tukunya da 'yan kwanuka. Daga ƙofa zuwa yashin teku, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.

Wanda ya san fatoma a tsofaffin zangunan fatake zai gane tsarin nan da nan: mutumin da ya ba ka ɗaki shi ne kuma mai nuna maka gari. Shi zai gaya maka lokacin motar bas, inda ake sayar da kifin da aka kamo da asuba, da wanda za ka kira idan ciwo ya kama ka da dare. Uwar gida ce ke sauya zannuwan gado, ɗanta ko 'yarta, masu jin Turanci, su ne ke amsa saƙonni. Ba teburin karɓar baƙi da ke buɗe dare da rana, don haka idan jirginka zai iso da tsakar dare, sai ka sanar tun da wuri.

Abin da ya kamata baƙo ya riƙe shi ne, abincin shekarar wannan iyali yana fitowa ne cikin wata biyar ko shida, daga Mayu zuwa Oktoba. Da sanyi ya shigo, a rufe ɗakuna, wasu su koma Atina, wasu su koma gona. Naksos ta fi maƙwabtanta irin su Mikonos da Santorini ƙasar noma, ta yi suna wajen dankalin Turawa da cuku, shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka dawo daga wanka ka tarar an ajiye maka tumatir ko ƙwai ko 'ya'yan ɓaure a faranti. Ba a sa wannan a lissafi, kuma ciro kuɗi a kansa rashin sanin ya kamata ne. Godiya ta wadatar. Da yake lokacin cinikin gajere ne, mutumin da ya kama ɗaki a watan Agusta sannan ya fasa zuwa a kurarren lokaci ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Babban otal zai shanye asarar, gida mai ɗaki takwas kuwa sai ya ji a jikinsa.

Maganar ruwa ita ce inda baƙi suka fi yin kuskure. Tsibiran nan ba sa samun ruwan sama a duk tsawon lokacin zafi, kuma daidai lokacin ne jama'a ke ninkawa. A 2024 madatsun ruwan Naksos sun yi ƙasa sosai har manoma suka koka. Don haka idan mai gida ya ce a taƙaita wanka, ko a yi haƙuri da tawul ɗaya na kwana biyu, ba rowa ba ce. Ruwan zafi kuma daga tankin da rana ke ɗumamawa a saman rufi yake zuwa, ya fi samuwa da yamma. A tambaya kafin a sha ruwan famfo, domin a tsibirai da dama na kwalba ake sha. Sai kuma 'yar takardar da ke manne a banɗaki tana roƙon kada a jefa takardar goge jiki a masai, a saka ta a kwandon da ke gefe. Bututun can siriri ne, toshewa ba ta masa wuya. Wannan ƙa'ida ta fi damun Bature fiye da mai amfani da buta.

Akwai kuma lokutan shiru da doka ta tanada. A watannin zafi, daga ƙarfe 3 zuwa 5:30 na yamma mutane na hutawa, haka ma daga 11 na dare zuwa 7 na safe. Mai son hira a waya da ƙarfi ya tuna bango ɗaya ne tsakaninsa da tsohuwar da ke barcin rana.

Ga Musulmi, ɗan murhun nan ya fi kowane abu na ɗakin amfani. Gasasshen naman tsinke da ake sayarwa ko'ina a Girka yawanci na alade ne, sai an tambaya. Kifi da wake da ganyaye da man zaitun kuwa sun wadata, kuma mutum na iya cefane ya dafa abinsa. Wani mai gidan zai tarbe ka da ɗan ƙaramin kofi na kitron, abin sha na Naksos da ake yi da ganyen wani nau'in lemo. Giya ce. Idan ka ce ba ka sha, ba mai jin haushi, sai a kawo maka kofi ko ruwan sanyi. Shigar bakin teku kuma ta Turawa ce, kusan tsirara, kuma a wasu sassan Plaka har ta wuce kusan. Mai iyali ya nemi shawarar mai gida kan gefen da ya fi dacewa. Shi bakin tekun kansa na jama'a ne a dokar ƙasar, ba mai hana ka shimfiɗa tabarmarka. Kujerun haya da laima ne ake biya, kuma bayan zanga-zangar da mutanen tsibirin Paros suka yi a 2023 kan yadda 'yan kasuwa ke mamaye yashi, dokar 2024 ta ce a bar aƙalla kashi 70 cikin ɗari na fili ba kujeru.

A ganina Yuni da Satumba sun fi. Ruwan teku ya yi ɗumi, kuɗin ɗaki ya sauka, mai gida kuma na da sukunin zama ya yi hira. Tsakiyar Agusta, musamman ranar 15 da Girkawa ke babban bikin tunawa da Nana Maryamu, ƙasar gaba ɗaya ke kwarara tsibirai. Ana biya da Yuro, akwai kuma ɗan harajin kwana da gwamnati ta ɗora, wanda akan karɓa daban da kuɗin ɗaki. Ɗan Najeriya ko Nijar sai da bizar Shengen, kuma takardar shaidar kama masauki na cikin abin da ake nema.

A Yuli da Agusta wata iska mai ƙarfi da ake kira meltemi takan taso daga arewa, ta yi kwanaki tana kaɗawa. Tana rage zafi, amma takan hana ƙananan jiragen ruwa masu gudu tashi. Wanda jirgin samansa zai tashi daga Atina ranar Asabar, gara ya baro tsibirin tun ranar Juma'a, a babban jirgi.