Aikin Nas na Yara, da Hanyar Shiga Cikinsa

Babba idan ya zo asibiti yakan ce, "Kaina ke ciwo." Jariri kuwa ba shi da baki sai kuka. Shi ya sa nas na yara yake aiki da ido, da kunne, da lissafi.

Idan kin kai ɗanki asibitin Pissy yana tari, za ki ga nas ya ɗaga rigarsa yana duban agogo. Numfashi yake ƙirgawa. Yaro mai wata 2 zuwa 11, idan ya kai 50 a minti ɗaya, ko mai shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ana zargin ciwon huhu. Zai kuma auna damtsensa da tsiri mai launi uku. Ƙasa da milimita 115 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Sai ya ɗora shi a sikeli, domin maganin yaro da nauyinsa ake aunawa. Abin da zai warkar da babba yana iya kashe jariri.

Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5. Iyaye sun ƙara zuwa, aiki ya ƙaru, musamman da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro. Akwai kwanan asibiti, akwai ranar da yaro zai rasu a hannunka. Sai mai haƙuri.

Kai saurayi, ke budurwa, ga hanya. Ka gama sakandare, kada ka yi wasa da lissafi, da kimiyya, da Faransanci. Sannan ka nemi shiga makarantar lafiya ta ƙasa, ENSP, a Wagadugu, ko wata mai zaman kanta wadda gwamnati ta amince da ita. Ka tabbatar da wannan kafin ka biya ko dala. Karatun nas shekara 3 ne, a aji da gefen gadon majiyyata. Bayan wasu shekaru na aiki, kana iya komawa ka ƙware a fannin yara, irin aikin da ake yi a asibitin yara na Charles de Gaulle.

Zango na bukatar 'ya'yansa a wannan aiki. Uwa ta fi faɗin gaskiyar ciwon ɗanta da harshenta, har da jiƙon da ta ba shi a gida. Iyaye, idan 'yarku tana da ƙwazo, ku bar ta ta gama karatu.